Idan Ɗa Ya Rera Mutuwar Auren Iyayensa

 

Sharhinmu na yau a kan wata irin waƙa ce da ake ji a wayoyin yaranmu. Saurayi ne ko budurwa ke rera ta a kan auren iyayensu da ya mutu: ranar da aka ba uwa takarda, ranar da aka kwashe kayan ɗakinta, da hannun da yaron ya faɗa bayan nan. Wata da kiɗan fiyano aka yi ta a ɗan ƙaramin situdiyo, wata kuma murya ce tsura aka naɗa a waya aka tura ta WhatsApp. A tsakiyar irin wannan waƙa akan sami wani ɗa guda, wato baiti, da ke tayar wa manya hankali, inda mai waƙar zai nuna ya yi addu'a har ya gaji, ko zuciyarsa ta yi sanyi da masallacin da ubansa ke salla, ko yarinya ta rantse ita da aure har abada. Ba zan kama sunan waƙa ko ɗaya ba, domin masu yin su yara ne, iyayen da suke magana a kansu kuma suna raye, suna cikinmu.

Hukunci biyu manya ke yankewa, kuma da gaggawa. Wani dattijo ya ce, "Wanga yaro ba shi da kunya, ya tone asirin gidansu." Wani kuma ya girgiza kai ya ce, "Ai wanga ya saki hanya, maganatai ta taɓa imani." Daga nan sai a kashe wayar, a nemi tsari, a koma hirar farashin taki. Ni ina ganin an yi sauri. Wanda ya yanke wa waƙa hukunci kafin ya kai ƙarshenta bai yi wa mai ita adalci ba, kuma ya toshe wa kansa labarin da ya kamata ya fi kowa son ji, domin labarin gidajenmu ne.

Bahaushe bai taɓa jin nauyin sa aure a waƙa ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi Jawabin Aure, ya jero wahalhalun da ke bin bayan saki, ya roƙi miji da mata su riƙa gyara tsakaninsu. Ya yi Auren Dole. Ya yi Gulma-Wuya, inda magulmaciya ke haɗa baki da boka tana raba mata da mazansu. Barmani Choge ta Funtuwa ta kifa ƙwarya ta yi wa kishi da zaman gidan miji waƙa, mata na guɗa, har Allah ya karɓi ranta a 2013. Tun kafin su, kakanninmu mata a bakin turmi da dutsen niƙa sun rera abin da ba su iya faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido. To amma ku sake sauraron waɗannan waƙoƙi, ku tambayi kanku bakin wa ke magana. Za ku tarar miji ne, ko mata, ko kishiya, ko mai nasiha daga gefe. Yaron da ke raɓe a bakin ƙofa lokacin da ake faɗan, iyakarsa a ambace shi don a ji tausayi, ba a miƙa masa waƙar ya rera da bakinsa. Tatsuniya kaɗai ta ba shi wuri, inda 'yar bora ke shan wuya, ita ma sai ta je bakin kogi ta haɗu da tsohuwa kafin ta sami mai sauraronta.

Kunya ce ta rufe masa baki. Ɗa ba ya kama sunan ubansa, ba ya ɗaga ido yana masa magana, balle ya ce masa ka yi wa innata ba daidai ba. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba na fatan ta ɓace. Sai dai ta bar wasu yara da kaya a ciki ba wurin saukewa. Maraya yana da gata a zukatanmu. An yi mana wa'azi a kansa, mun san ladan shafa kansa. Wanda uwa da uba duk suna raye amma kowa ya kama gabansa fa? In ya bi uwarsa sabon gida a kira shi agola, a yi masa gori da tuwon da yake ci. In ya zauna gidan uba ya zama ɗan wadda ta fita. Wannan yaro shi ne yau ya sami waya a hannunsa, ya sami inda zai yi magana ba tare da ya tsaya gaban kowa ba.

Yaya ake sauraron waƙa irin wannan? Malaman nazari sun share mana hanya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya koya wa ɗalibai su fara neman turken waƙa, babban saƙon da aka ɗaure ta a kai, su bambanta shi da ƙananan saƙonnin da ke ratsa ɗiyanta. Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta littafi sukutum, Salo Asirin Waƙa, yana nuna yadda mawaƙi ke sakaya magana, ya kambama wata, ya faɗi abu yana nufin wani. Wanda ya ciro ɗa ɗaya daga waƙa ya yi mata hukunci da shi, kamar wanda ya tsamo barkono ɗaya daga tukunya ne ya ce miyar duk yaji ce. Sai an duba abin da ya gabaci wannan ɗa da abin da ya biyo bayansa, sai kuma an duba gindin waƙar, inda mai ita yake komawa kowane lokaci. In yaro ya ce ya gaji da roƙo, amma amshinsa kiran sunan Allah ne daga farko har ƙarshe, to da wa yake magana? Wanda ya yanke ƙauna daga Ubangiji ba ya tsayawa yana kai masa ƙara.

Mu a wannan yanki na Tambuwal da Kebbe bai kamata ma a koya mana wannan ba. Maƙwabcinmu ne Gambu na Fagada ta ƙasar Maiyama, wanda ya yi suna da waƙar ɓarayi. Iyayenmu sun saurare shi shekara da shekaru, kuma ba mai hankalin da ya ɗauki kowace "ni" da ta fito daga bakinsa a matsayin iƙirari a gaban alƙali. Ɗanmaraya a Gulma-Wuya yakan sauya murya, ya zama magulmaciya, ya zama boka, ya zama matar da ake zugawa, duk shi kaɗai. Mun fahimci wannan ga manyan mawaƙa. Yaronmu ma yana iya rera muryar kansa ta lokacin da yake ɗan shekara bakwai, yana faɗin abin da ya ji a ransa a daren da uwarsa ta tafi, alhali shi mai rerawar yau yana sahun asuba. Waƙa takan koma baya ta ɗauko mutum yadda yake jiya.

Yanzu mu leƙa abin da wannan ɗan shekara bakwai ya gani. Ya ga faɗa ya tashi a kan cefane, ko a kan maganar ƙarin aure, ko a kan gulmar da aka kawo daga waje. Ya ga ubansa ya yagi takarda ya rubuta, ko kuma ubansa yana can wurin cin rani a kudu ya aiko da saƙo ta waya. Wani ma saki uku yake dunƙulewa a numfashi ɗaya, gari ya waye yana yawon neman malamin da zai warware masa. Yaron ya ga uwarsa ta ɗauki mayafi a daren ta nufi gidansu. Bayan kwana biyu gwaggonni da ƙannen uwa sun zo da mota ko amalanke, an kwance gado, an naɗe katifa, an sauke jere, an bar ɗaki sai shatin inda kwanuka suke. Sannan aka zauna a zaure aka yi maganarsa, shi yana ji. Aka ce ɗa na uba ne. Aka miƙa shi ga kishiyar uwa, ko ga wata gwaggo a wani gari, ko aka haɗa shi da malami ya tafi almajirci tun bai iya wanke rigarsa ba. In mace ce, a ɗora mata farantin talla. Ba wanda ya durƙusa daidai tsawonsa ya ce masa ga abin da ya faru, kuma ba laifinka ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kusan duk matakin da na lissafa addininmu ya riga ya faɗi yadda za a yi shi, mu muka bar shi. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta, ta hana ita ma ta fita, har ta gama idda, domin a bar ƙofar kome a buɗe. Gida nawa ake aiki da wannan a garuruwanmu? Suratul Baƙara ta ba miji zaɓi biyu, ya riƙe da alheri ko ya rabu da kyautatawa, ta kuma hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ko uba ta hanyar ɗansa. Suratun Nisa'i ta ce in an ji tsoron ɓaraka a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu tun kaka da kakanni, ta bayyana cewa bayan saki uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani, renon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ci da sha da sutura kuwa suna kan uba duk inda ɗan yake. Wannan shi ne fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke hukunci da shi. A 2021 kuma Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar Sakkwato. Ba doka muka rasa ba. Mata da yawa ba su san haƙƙinsu ba, waɗanda suka sani kuma iyaye kan hana su zuwa gaban alƙali don kada a ce sun kai uban 'ya'yansu ƙara.

To ga inda maganar imani ta shigo, kuma ina roƙon iyayena maza su saurare ni da haƙuri. Yaro ba daga littafi yake fara sanin Allah ba. Daga bayan ubansa yake saninsa, ranar da aka riƙe hannunsa zuwa masallaci, da bakin uwarsa da ta koya masa bisimilla kafin ya kai loma. Su biyun nan su ne hujjarsa ta farko cewa abin da ake faɗa masa gaskiya ne. Ranar da ya ga mutumin da ke sahun gaba ya kori uwarsa da dare, ya hana ta ganin ɗanta, ya yi wata shida bai aiko da ko mudun gero ba, kuma liman da maƙwabta suna gaisawa da shi kamar ba abin da ya faru, wani abu yana tsinkewa a ransa. Yaro ba shi da ilimin da zai raba tsakanin addini da mai addini. Yana girma da wannan tsinkewar, ran da ya sami bakin magana sai ta fito a waƙa da kalmomin da suka fi ƙarfin abin da yake nufi. In ka bi irin wannan ɗa na waƙa a hankali, sau da yawa za ka tarar amanar mutane ce ta karye masa: ta uba, ta uwa wani lokaci, da ta dattawan da suka ci goron ɗaurin auren amma ba a gan su ba ranar da ya mutu.

Kai kuka ga Allah a kan abin da aure ya jawo ba sabon abu ba ne a Musulunci. Khaulatu 'yar Sa'alaba mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata zihari, wato ya haramta ta ga kansa ta hanyar kamanta ta da mahaifiyarsa, bayan ta tsufa a gidansa. Ta je wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, tana ta mayar masa da magana, tana nuna tana da yara ƙanana, in ta bar masa su za su lalace, in ta riƙe su za su ji yunwa. Da ba ta sami mafita nan take ba, sai ta ɗaga kukanta zuwa sama. Ba a ce mata ta yi rashin kunya ba. Sura aka saukar, ta 58 a Alƙur'ani, Mujadala, ta buɗe da tabbatar da cewa Allah ya ji ta. Annabi Yaƙubu ya yi kukan rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ya ce wa 'ya'yansa shi ga Allah yake kai baƙin cikinsa. A Sahihu Muslim kuma an ruwaito wasu sahabbai sun zo suna cewa suna jin wani abu a zukatansu da suke ganin girman su furta shi, Manzon Allah ya shaida musu cewa wannan jin nauyin da suke yi shi ne tsantsar imani. Wanda ya san waɗannan ba zai yi saurin cewa yaro ya fita daga addini don ya ce zuciyarsa ta yi rauni ba.

Tarihin ƙasar nan tamu ma ya isa misali. Garin Tambuwal ribaɗi ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, shi kansa mawaƙi ne da Larabci. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta zuba baƙin cikinta a waƙa da ta rasa Muhammadu Bello, da ta rasa mijinta Waziri Giɗaɗo. Amma wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne baffansu, Malam Abdullahi na Gwandu, nan kusa da mu. Wajen 1807, jihadi na tsaka, ya dubi jama'ar da yake tare da ita ya ga da yawa sun karkata ga neman mulki da dukiya da dawaki da tufafi. Ransa ya ɓaci har ya bar rundunar, ya fuskanci gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. A Kano mutane suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, daga baya ya dawo. Waƙar da ya yi a kan wannan ɓacin rai tana cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat, kuma mai ɗaci ce ƙwarai. Wa zai karanta ta ya ce Abdullahin Gwandu ya rasa imani? Mutane ne suka ba shi kunya, kuma saboda yana da imanin ne abin ya yi masa zafi. Shehu Usmanu kansa ya rubuta littattafai da dama yana yaƙar ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba. Mu da muke zaune a ƙasarsu bai dace mu fi kowa saurin fitar da yaro daga Musulunci a kan baiti ɗaya ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Akwai iyaka, kuma ba ni na shata ta ba. In magana ta kai ga taɓa alfarmar Allah ko ta Manzonsa, wannan wani babi ne daban, ba shi nake karewa ba, kuma malamai da hukuma ke da ta cewa a kansa, ba taron jama'a ba. Haka kuma akwai mai rauni a zuciya da gaske, wanda ya daina salla, yake kwana da tambayoyi. Shi wannan ya fi kowa bukatar malamin da zai zaunar da shi ya ji ta bakinsa. In aka tare shi da tsawa, to an tabbatar masa da zaton da ya riga ya yi, cewa masu addini ba su da lokacin kukansa.

Ku ma 'ya'yana masu waƙar, ina da magana da ku. Rabin labari kuka sani. Kun ga ranar da inna ta fita, ba ku ga shekarun da suka kawo ranar ba. Wataƙila ita ta nemi khul'i. Wataƙila baban da kuke zargi ya haɗiye abin da ba zai taɓa faɗa muku ba don ya kare mutuncinta. Saki halal ne. Zaidu ɗan Harisa ya saki Zainab, matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar da gonar sadakinta ta rabu da shi, duk a gaban Manzon Allah, kuma akwai auren da rabuwarsa ita ce rahama ga kowa har da 'ya'yan. Suratul Isra'i ta hana ku ko da tsaki ga iyaye, ba ta kuma ce sai iyayen da aurensu ya zauna ba. Ku faɗi ciwonku, amma ku koyi sakaya daga magabata. Matan da ke waƙar niƙa ba su kama suna, duk da haka wanda ake nufi yakan ji a jikinsa. Abin da aka naɗa a waya ba ya gogewa. Ƙannenku 'yan uba za su ji shi, mijin innarku na yanzu zai ji shi, ita ce kuma za ta kwana da abin da ya biyo baya. Wanda kuma ya ƙara wa labarin gidansu gishiri don ya tara mabiya a TikTok, ya sani da mutuncin mahaifansa ya yi ciniki.

Wannan al'amari ba a kanmu aka fara shi ba. A Amurka mawaƙiya Kelly Clarkson ta fitar da wata waƙa a 2004 wadda ta rubuta tana 'yar shekara 16, a kan yadda rabuwar iyayenta ta sa ta kasa amince wa kowa, waƙar kuma ta zagaya duniya domin miliyoyi sun ji labarinsu a ciki. A 2016 wata cibiyar bincike a can mai suna PRRI ta gano cewa cikin waɗanda suka tashi iyayensu a rabe, 35 cikin 100 sun ce ba su bin kowane addini, alhali cikin waɗanda suka tashi iyayensu na tare 23 ne cikin 100. Amurka daban, Tambuwal daban, ba na kuma cewa alƙalumansu namu ne. Amma zuciyar yaro ɗaya ce ko'ina, kuma abin da ya bayyana a can ya isa ya sa mu farga tun da wuri.

A nan gida ma an daɗe ana kuka da yawan mutuwar aure. A farkon 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta shirya fito da zawarawa kan titunan Kano don a ga yawansu, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, a Oktoban 2023 aka ɗaura na mutum 1,800 da matansu a lokaci ɗaya. Aikin alheri ne, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Sai dai duk lissafin na manya ne: bazawara nawa, sadaki nawa, gado da katifa nawa. Bazawarar da aka ɗaura wa aure ta bar yara a wani gida, ko ta shiga da su gidan da ba a yi shirin karɓarsu ba. Su ba a ƙidaya su a wurin bikin.

Akwai kuma ɗayan rashin yardar, wanda ba a cika kula da shi ba domin bai taɓa aƙida ba: yarinyar da ta rera cewa ita ba za ta yi aure ba. Mukan yi dariya mu ce yarinta ce, in ta ga lefe za ta sauya. Da yawansu kuwa suna yin auren, amma da ƙafa ɗaya a waje suke shiga. Ta ga yadda aka yi da uwarta, don haka tun daren farko tana jiran ranar tata takardar, ba ta sakin jiki, ba ta haƙurin da take ganin bai amfani innarta da komai ba. Namijin shi ma ya koya a gida cewa in magana ta yi zafi takarda ce magani. Haka saki ke haifar saki. Kukan kurciya jawabi ne, in ji Hausawa, mai hankali ke ganewa. Waƙar wannan yarinya tana gaya mana abin da zai faru a ɗakinta nan da shekara biyar in ba a tare shi ba.

Saboda haka, ya kai uban da aka kawo wa labari cewa ɗanka ya yi waƙa a kanka, kafin ka yi fushi, nemi wuri kai kaɗai ka saurare ta har ƙarshe. Sannan ka kira shi, ba a gaban matarka ba, ba a gaban abokanka ba, ka tambaye shi abin da ya gani da abin da ya ji a lokacin. In akwai haƙƙinsa na ci da karatu da ka tauye, ka fara biya daga wannan watan. Kada ka sake zagin uwarsa a kunnensa, ke ma inna kada ki mayar da shi ɗan aiken baƙar magana zuwa gidan ubansa. Kawu da baffa da gwaggo, ku ne kuka karɓi auren nan kuka bayar, ku je ku duba inda yaron yake kwana. Malamanmu limamai, kamar yadda kuke tsayawa a kan sadaki da waliyyi da shaidu ranar ɗaurin aure, muna roƙonku ku ware huɗubar Juma'a guda ku karanta wa jama'a babin idda da reno da ciyarwa daga Risala, da Hausar da kowa zai gane, a Tambuwal da Kebbe da ƙauyukansu. Ku kuma iyaye mata da aka raba da 'ya'yanku ba bisa ƙa'ida ba, ku fara da dattawan dangi, in abin ya faskara kotun shari'a a buɗe take, neman haƙƙin ɗanki a gaban alƙali ba abin kunya ba ne.